Tsakuwa Ɗaya a Ƙwaryar Malam Jatau

An yi wani mutum, bawan Allah, ana ce da shi Malam Jatau, a wani ƙauye can cikin kwari tsakanin duwatsu. Ku saurara, har da ku masu gyangyaɗi a sahun baya.

Ƙauyen nan ba kasuwa, ba hanyar kirki, amma Allah Ya ba su wani ruwa mai zubowa daga kan dutse, mutane na zuwa kallonsa daga nesa. Sai jama'ar gari suka haɗa hannu, wannan ya kawo azara, wancan ya kawo ciyawa, suka gina ɗakin baƙi a bakin hanyar hawa. Nan baƙo zai sha ruwa, ya yi salla, a nuna masa hanya. Suka damƙa wa Jatau tsaron wurin.

To, Jatau ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba ya riƙe fuska. Sai ya aje ƙwarya a bakin ƙofa. Duk wanda zai hau dutse, ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki. In ya sauko, ya ɗauke abarsa. Mutanen gari har tsokanarsa suke yi, wai Malam ya koma wasan dara da baƙi. Shi dai sai murmushi.

Ran nan da damina mota ta kawo baƙi wajen talatin. Suka hau da hantsi, suka sauko bayan azahar, kowa ya ɗauki tsakuwarsa. Jatau ya shafa ƙwarya, ya ji saura ɗaya.

Direba ya ce, "Baba, mutanena sun cika. Sau biyu na duba." Ya ja motarsa ya tafi.

Ga hadari ya taso daga gabas. Kuma ran nan ake walimar sunan jikan Jatau, gari duk shi ake jira. Mai unguwa Nomau ya zo da kansa ya ce, "Haba Malam, rufe ɗakin nan mu tafi. Wani ne ya manta bai ɗauka ba."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, in mantuwa ce, na yi asarar tafiya kawai. In ba mantuwa ba ce fa?"

"Saboda tsakuwa za ka bar sunan jikanka?"

"Hannu ne ya jefa ta, ranka ya daɗe."

Ya kwance jakinsa ya kama hanya. Jama'a, tsoho ne fa, gwiwa ba ƙarfi, kuma ya san in ruwa ya sauka a kan dutse, rafin da ke tsakiyar kwarin ba ya sallama. Yana tafe yana kira, yana tafe yana kira. Shiru. Har ya fara jin kunyar yadda zai koma gari hannu rabbana, sai ya ji tari daga tsallaken rafi, wajen wani tsohon kufai.

Wata dattijuwa ce, Gwaggo Kande. Ashe a ƙasa ta zo, ta bi ayarin baƙin nan, don ta ga kufan gidan mahaifinta da ta bari tun tana ƙarama. Santsi ya kwashe ta, ƙafa ta gurɗe, ta kasa tashi. Ta ce, "Malam, wa ya gaya maka ina nan? Ko 'ya'yana ba su san na zo ba."

Ya ce, "Tsakuwarki ce ba ta koma ba, Gwaggo."

Ya ɗora ta a jaki, suka tsallake rafi ruwa iya idon sawu. Ba su kai ɗakin baƙi ba suka ji rugugi a bayansu. Suka waiga, rafin ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Alhamdu lillahi! Ni da nake ba ku labarin ma sai da na yi ajiyar zuciya.

Suka tarar da mai unguwa tsaye a bakin ƙofa. Tsohuwa ta sa hannu tana kuka ta ɗauki tsakuwarta. Sannan Jatau ya kife ƙwarya, suka wuce walima tare.

'Yan'uwa, amana ba ta da ƙarama. Kowane ɗayanmu akwai ƙwaryar da aka damƙa masa: kai maƙwabcinka, ke marar lafiyar gidanki, wancan ɗalibansa. Wa ya kwana biyu ba ka gan shi a masallaci ba, ka ce ai ƙila tafiya ya yi? Kada ka ce ƙila. Tashi ka je ka duba, tun rafi bai cika ba.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana.