Kwanon da Ya Koma da Nauyinsa

Akwai wani maigida wanda Ubangiji ya albarkaci gonarsa. Bayan girbi ya ce a ransa, "Bari in tara 'yan'uwa da abokai mu yi godiya tare." Sai ya aika musu cewa kowa ya zo da abin da aka dafa a gidansa, a haɗa a ci.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Abokansa na birni suka iso da manyan kuloli masu sheƙi, wannan shinkafa dafa-duka, wancan farfesun kaji, ga waina da miyar taushe. Maigida sai washe baki yake yi, yana jera kulolin a gaba inda kowa zai gani.

Can sai ga goggonsa Dinatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Tsohuwa ce, daga ƙauye ta tako da ƙafa, tana ɗauke da wani tsohon kwano wanda fentinsa duk ya ɗaye, an rufe shi da faifai.

Ta ce, "Ɗana, dambu na yi maka, da zogalen bayan ɗakina. Na san yadda kake sonsa tun kana yaro."

Ya ce, "Sannu da hanya, Goggo." Ya dubi kwanon, ya dubi kulolin, sai kunya ta kama shi. Kunyar me, jama'a? Kunyar hannun da ya ciyar da shi! Ya lallaɓa ya ajiye kwanon a bayan ƙofar madafa, wai sai an jima.

Aka yi addu'a, aka ci, aka sha, ana ta raha. Goggo kuwa tana gefen tabarma, duk lokacin da aka ɗauko wani abinci sai ta ɗaga kai ta duba ko nata ne.

Da la'asar ta ce za ta kama hanya kafin rana ta faɗi, a ba ta kwanonta. Sai a lokacin maigida ya tuna. Maimakon ya faɗi gaskiya, bakinsa ya riga shi: "Kai, Goggo, dambun nan ya yi daɗi! Tas aka cinye. Bari a wanke kwanon, gobe in aiko miki."

Ta ce, "Kada ka wahalar da kowa, ɗana. Na ga inda ka ajiye shi."

To, kun san al'adarmu: in an kawo maka abinci, kwano yakan koma wayam a wanke, ko kuma da ɗan wani abu a ciki, godiyar ke nan. Goggo ta sunkuya ta ɗaga kwanonta, ta ji shi da nauyinsa kamar yadda ta kawo shi. Ba ta ɗaga faifan ba, ba ta kunyata shi a gaban baƙi ba. Ta gyara gammo, ta aza a kai, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Wayyo, ai gara a ce zaginsa ta yi.

Maigida ya ce zai je ya ba ta haƙuri. Yau kasuwa, gobe baƙi, jibi gyaran rumbu, har aka aiko masa cewa Goggo ta rasu. Ya yi kuka mai zafi a bakin kabarinta, amma babu sauran wanda zai ce masa komai ya wuce.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Taron shi ne jama'ar Allah, inda ba wanda yakan zo hannu wofi. Dambun kuwa shi ne ɗan abin da ƙarami a cikinmu ya kawo: gaisuwar tsoho, waƙar mai muryar da ba ta da daɗi, shawarar wanda bai yi boko ba. Mu kuma, kada mu ruɗi kanmu, mun iya duban kula kafin mu dubi fuskar mai ita. Muna cewa "an gode" da baki, alhali mai kyauta ya sani sarai ba a taɓa abinsa ba, Ubangiji ma ya sani.

Ina baƙin cikin yawan waɗanda suka daina zuwa cikinmu ba tare da sun yi faɗa da kowa ba. Saboda haka ku duba gefenku yau, ku ga wanda yake ta ɗaga kai yana jira. Ku buɗe abin da ya kawo tun yana zaune a tsakaninku.