Yadda Aka Kori Kunkuru Daga Ƙungiyar Masu Mai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Kura da Gizo da Kunkuru kowa na da rijiyar mai. Mai ya yi araha, sai suka kafa ƙungiya.

Kura ta ce, "Tulu ɗaya-ɗaya za mu riƙa kaiwa kasuwa, mai ya yi tsada." Suka rantse.

Ran kasuwa Kura ta sayar da tulunta, ta zagaya bayan kasuwa da wasu tuluna a ɓoye. Sai ga Gizo da nasa jere!

"Kai, Gizo! Rantsuwar fa?"

"Haba Yaya Kura, ruwa ne a ciki. Naki fa?"

"Nawa ma ruwa ne."

Mai ya cika gari, ya fi ruwa araha. Kunkuru mai tulu ɗaya ko gishiri bai iya saya ba.

Aka kira taro. Kura ta ce, "Akwai maci amana a cikinmu!"

Gizo ya ce, "Kunkuru ne! Ni da ke mun ga juna a bayan kasuwa. Shi wa ya san inda yake kai nasa?"

Nan take suka kore shi.

Ƙurunƙus kan ɓera! Mai musu ya je ya tambayi Kunkuru.