Dalilin da Ya Sa Talla Take Katse Fim Daidai Inda Ya Yi Daɗi

Dalilin da ya sa talla take faɗo muku a tsakiyar fim, daidai inda kuka saki baki, ni na san shi, don a gabana aka yi. Kai Sagiru, ajiye rimot ɗin nan. Tun ɗazu kake buga shi a gwiwa, shi ya kawo maka mai maganin sauron? Ke kuma Walida, tsakin ya isa haka. Ku matso nan. Kafin bawan Allahn nan ya gama yi mana bayanin sauro, ni ma na ba ku nawa.

A da ba a katse fim. In aka tura kaset cikin bidiyo, tafiya yake tiryan-tiryan har ƙarshe, sai dai in bidiyon ya cinye zare. Talla kuwa ba a cikin akwatin talabijin take ba, ƙafa gare ta. A unguwarmu sunanta Gwaggo Yalwa.

Gwaggo Yalwa dillaliya ce, 'yar gajeruwa, mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ɗa ba jika. Abin da take da shi a duniya ƙunshin kayanta ne da gidajen mutane. Kullum bayan azahar sai ta ɗora ƙunshin a ka: sabulun salo, kwalli, turaren wuta, ɗankwali, allura da zare. Tana yin sallama daga zaure, kafin ta rufe baki an amsa mata daga ɗaki uku. A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwan randa. Ki saya ko kar ki saya, ba ruwanta, za ta zauna ta gaya miki wa ya haihu, wa ya tare, akuyar wa ta shiga gonar wa. Lokacin da aka kawo ni unguwar ina amarya, ban san kowa ba, ita ta fara shigowa ɗakina. Ta dube ni ta ce, "Dije, wannan idon kuka ya kwana yi." Ta zauna ta sa mini kwalli da hannunta, ko sisi ba ta karɓa ba.

Ana nan sai Alhaji Tsoho mai injin niƙa ya sayo bidiyo da talabijin, har da janareta. Matarsa Hajiya Kulu ta aika gida-gida cewa duk mai son kallo ta zo bayan azahar. To, wa zai ce ba ya so? Ranar farko mu bakwai ne. Kafin sati ya zagayo, falon Hajiya Kulu ko wurin ajiye takalmi babu.

Gwaggo Yalwa ta shiga gidan farko, ta yi sallama, kaji suka dube ta. Ta shiga na biyu, tukunya a kan murhu, mai tukunyar ba ta nan. Haka ta bi layin nan kaf, har ƙarar janareta ta kai ta gidan Alhaji Tsoho.

Mace ce mai haƙuri, sai ta yi dabara. Washegari ta zo da wuri, kafin a kunna. Tana kwance ƙunshi aka ce, "Gwaggo, bari mu kama wuri tukuna." Jibi ta jira har aka gama. Fim na ƙarewa muka watse da gudu, kowa ta tuna ba ta ɗora sanwa ba, ga la'asar ta yi. Wata har ta tsallake ƙunshin. Gwaggo ta ɗaure kayanta ita kaɗai a tsakar gida.

Kusan wata guda ana haka. Sabulunta ya bushe ya tsage, amma ba shi ya fi damunta ba. Ni da kunnena na ji tana gaya wa mai ƙosan bakin layi, "Ciniki na Allah ne. Amma yau kwana tara ke nan ba wanda ya amsa mini sallama."

Na ji, kuma na wuce abina, don ranar za a sa kashi na biyu na fim ɗin da muke kallo.

Sai ranar da abin ya faru. Fim ɗin na wani ɓarawo ne da ya shiga gidan mutane, mai gida ya dawo ba zato, ɓarawon ya faɗa cikin randa ya ja faifai ya rufe kansa. Mai gidan nan kuwa ƙishi yake ji. Ya ajiye sandarsa, ya ɗauki moɗa, ya nufi randar. Wallahi falon nan ko tari ba mai yi.

Daga zaure muka ji, "Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum, masu gida."

Mai gida ya iso bakin randa.

"Salamu alaikum!"

Kun san sallama uku ce. In an yi ta uku ba a amsa ba, mai hankali juyawa yake. Ni ce zaune kusa da talabijin. Na ji ta farko, na ji ta biyu, na ji ta ukun sarai. Kun san abin da kakarku ta yi? Hannu na miƙa na ƙara murya.

Gwaggo Yalwa ba ta juya ba. Ta cire takalmi, ta ratso mu a hankali, tana tsallake ƙafafu, ƙunshi a ka. Ta zo ta tsaya a gaban talabijin cif, ta juyo ta fuskance mu. Abin da na gani na ƙarshe hannun mai gida ne a kan faifan randa. Daga nan sai zanin Gwaggo.

Ta ɗaga murya yadda za ta danne ta janareta da ta talabijin ɗin da na ƙara, ta ce, "Salamu alaikum."

Mata talatin da wani abu, baki ɗaya kamar 'yan makaranta: "Wa alaikumus salam, Gwaggo! Don girman Allah matsa!"

Ta ce, "Au, ashe kuna nan."

Ta sauke ƙunshi. Ta kwance shi ba gaggawa. Ta ɗaga sabulu ta ce, "Sabulun salo. Yana fid da ƙuraje, ba ya cin hannu." Ta ajiye, ta ɗaga kwalli. Hajiya Kulu ta ce, "Gwaggo, na saya! Duka na saya!" Gwaggo ta ce, "Ai ban gama nunawa ba, Hajiya. Ba na sayar wa mutum abin da bai gani ba."

Duk wannan, ba wadda ta yi tunanin danna abin tsayarwa. Fim na ta tafiya a bayanta, muna jin ihu da fashewar wani abu. Da ta matsa, sai ga wasu mutane can daban suna cin tuwo a wani gida. Kafin a mayar baya man janareta ya ƙare, da yamma kuma aka mayar wa mai haya kaset ɗinsa. Ranar ba mu san ko an kama ɓarawon ba.

Tun daga nan Gwaggo ta gane hanya. Ba ta ƙara zuwa farko ba, ba ta ƙara jiran ƙarshe ba. Sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallonmu, ba fim ɗin ba. Da ta ga wuya ya miƙe, mai tsifar kai ta saki kai, mai goyo ta daina jijjiga, sai ta miƙe. Ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya.

Abin ya ishe mu. Hajiya Kulu ta kai wa Alhaji ƙara, Alhaji ya kai wa Mai Unguwa Bawa. Mai Unguwa ya zo ya zauna a zaure, Gwaggo na gefe da ƙunshinta, mu kuma muna bayan ƙofa, Hajiya Kulu ce bakinmu. Ta zayyana komai tun daga ranar randa.

Mai Unguwa ya saurara har ƙarshe, ya gyara zama ya ce, "To, ɓarawon, an kama shi?"

Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya kawo mu ke nan. Ba mu gani ba."

Ya ce, "Kai, wannan ba daɗi." Ya juya ga Gwaggo. "Yalwa, me ya sa kika tare wa mutane?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin da shida ina shiga gidajen nan. Yawancin matan nan ni na sa musu kwallin amarci. Na yi sallama daga zaure, ba a ji ba. Na yi daga tsakar gida, ba a ji ba. Wuri ɗaya ne a duk unguwar nan in na tsaya ake jina. Shi ne na tsaya a wurin."

Mai Unguwa ya ce, "Hajiya, an yi sallamar?"

Hajiya ta hau gyaran mayafi.

"An ji ta?"

Bayan ƙofar nan kowa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "To ga hukunci. Ba ni da ikon hana mutum tsayawa inda ake amsa masa. Yalwa za ta tsaya. In ta tsaya, a tsayar da fim, ya jira ta, don kar a sake asarar ɓarawo. Ku kuma ku ƙirga biyar a zuci. In biyar ta cika, mai so ta ce, 'Gwaggo matsa,' ita kuma ta matsa."

Gwaggo ta ce, "In kayan na da yawa fa?"

Ya ce, "Ki rabo su. Ki dawo anjima."

Wallahi da bai faɗi wannan ba. Da sau ɗaya take tsayawa, yanzu sai ta tsaya sau huɗu, kuma da izinin hukuma.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Muna ƙirga biyar, muna cewa matsa, muna sayen sabulun da ba mu gama na jiya ba. Har ƙafa ta kama Gwaggo, tun tana dogara sanda har ta kasa fita. Sati biyu muka yi muna kallon fim salin-alin daga farko har ƙarshe. Ba zan yi muku ƙarya ba, mun ji daɗi. Kuma a sati biyun nan ba wadda ta leƙa ta a cikinmu.

Ashe ta aika an kira mata Ɗan'asabe mai kaset, wanda yake ba da haya kuma yake ɗaukar biki da kyamara. Ta sa ya ɗauke ta a zaune kan tabarmarta, ƙunshi a gaba. Ya ce, "Gwaggo, a farko zan sa ki ko a ƙarshe?"

Ta ce, "Na gwada farko, na gwada ƙarshe. Ɗauko mini fim ɗin nan na ɓarawo, zan nuna maka wurin."

Rannan aka kawo mana kaset ɗin, muka yi ta murna, yau dai za mu gani. Mai gida ya ajiye sanda, ya ɗauki moɗa, ya ɗora hannu a kan faifai. Sai ga Gwaggo Yalwa ta cika akwatin, ta rame, amma kwallinta raɗau. "Salamu alaikum, masu gida." Muka amsa kafin mu ankara. Muka ƙirga biyar, muka ce matsa, ba ta matsa ba. Hajiya Kulu ta fusata ta zare kaset ɗin ta jefa bayan kabad, ta ce ita da ɓarawon su ƙarata can.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan Gwaggo ta rasu. Maƙwabciyarta ce ta yi sallama sau uku ba a amsa ba, ta tura ƙofa.

Bayan sadakar bakwai muka taru a falon Hajiya Kulu kamar kullum, amma ba wadda ta ce a sa sabon fim. Hajiya ta tashi da kanta ta zura hannu bayan kabad, ta karkaɗe kaset ɗin da gefen mayafi. Ta sa, ta danna gudu. Muka wuce ɓarawo, muka wuce mai gida da sandarsa, har muka iso gare ta. Ta yi sallama muka amsa. Ta nuna sabulu, ta nuna kwalli, ta nuna allura da zare, ba wadda ta ƙirga komai. Da ta gama, faifan randa ya fara ɗagawa, sai Hajiya ta ce, "Dije, mayar baya." Na mayar. Muka yi ta mayarwa har bidiyon ya cinye zaren a daidai wurin. Ni dai har yau ban san ko an kama ɓarawon nan ba.

'Yan kasuwa kuwa ba sa barci. Da suka ji labari wajen Ɗan'asabe, sai mai maganin basir ya ce a sa shi, mai shinkafa ya ce a sa shi, daga nan abin ya bi duniya. Sun ɗauki wurin tsayuwarta, sun ɗauki ƙarfin muryarta, sun ɗauki dawowar nan tata sau huɗu. Sallamar ce kawai suka bari, don ba su san ita ce ta kawo ta ba. Shi ya sa nake jin haushinsu fiye da ku.

Shi ya sa har yau talla ba ta zuwa sai hannu ya kai kan faifai, kuma muryarta ta fi ta fim, don sai ta danne wadda na ƙara. Shi ya sa fim yake tsayawa ya jira ta, ku kuma sai kun ƙirga biyar kafin ku ce ta matsa. In kuna neman wanda za ku yi wa tsaki, ga ni zaune.

Kuma ke Walida, kin sha tambayata me nake cewa a hankali duk sanda talla ta faɗo, har kina cewa kaka ta fara magana da talabijin. Ba da talabijin nake ba. Akwai guda uku da ban amsa ba.

Danna, Sagiru. Biyar ta cika tuntuni.