Dalilin da Ya Sa Gidajen Tungar Marke Suke a Cakuɗe

Dalilin da ya sa idan kun shiga Tungar Marke ba za ku ga unguwar Fulani daban, ta Nufawa daban, ta Barebari daban ba, bakin mutum ɗaya ne ya jawo. Ku gyara zama, yara, ku ji labarin Nomau.

Nomau manomi ne, ga tsokana, ga cika baki. Yakan tsaya tsakiyar kasuwa ya bugi ƙirji ya ce, "Ni Bagobiri ne gaba da baya, ko ɗigon wani jini babu a jikina. Kuma ku kawo mini duk wanda kuka ga dama, ko ba shi da zane a fuska, ko Hausarsa ta fi ta liman, ni zan gaya muku asalinsa."

A wancan zamani garin a bakin kogi yake. Nufawa masunta ne suka fara zama, Fulani suka biyo ciyawa, Barebari suka zo da kanwa, Gobirawa suka zo noma, Yarbawa suka zo da manja. Aka daɗe ana auratayya har kowa ya koma magana da Hausa. Sai wata damina kogi ya cika ya cinye gidaje, aka ce a koma kan tudu. Maigari Barau ya ce tunda sabon gari za a yanka, kowace ƙabila ta sami unguwarta, a huta da rigimar fili. Amma wa zai tantance mutanen da suka cakuɗe haka?

Nomau ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ka bar mini. Baki yana ƙarya, amma zafi ba ya yi. Idan ƙaya ta soki mutum bai shirya ba, uwarsa zai kira, kuma da harshen da ya sha a nono zai kira ta. Harshen nan shi ne asalinsa."

Maigari ya yi dariya ya ce a gwada.

Nomau ya yanko ƙayar aduwa ya soke ta a hularsa, ya shiga gari. Ya sami Ndagi masunci ya sunkuya yana ɗinkin taru, ya tsikare shi ta baya. Ndagi ya zabura ya ce, "Nna mi!" Nomau ya ce, "Banufe. Unguwarku bakin gangare." Ya sami Gidado a gindin saniya yana tatsa, ya tsikare shi. Gidado ya ce, "Inna am!" har madara ta zube. Nomau ya ce, "Bafulatani. Unguwarku gabas."

Da ya zo kan Kyari mai kanwa, wanda zanen Barebari ya cika masa fuska, sai shi ma ya ce, "Inna am!"

Gidado ya faɗi ƙasa yana dariya. "Ashe bawan nan nawa ɗan ɗakinmu ne. Shekara da shekaru yana zagin Fulani."

Kyari yana sosa wurin ya ce, "Uwata ce Bafulatana, kai makiyayin banza. Ubana fa?"

Nomau ya ce, "Ba ruwana da ubanka. Doka doka ce. Gabas."

To, akwai wata tsohuwa, Iya Abeke mai manja, Bayarabiya ce. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, idonta ya fara dushewa. Tun Nomau yana ƙarami katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da nata. Matarsa ce ke ɗebo mata ruwa, 'ya'yansa a ɗakinta suke wuni. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Kullum da safe sai ya leƙa ya ce, "Baiwata, kin tashi lafiya?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau, ɓarawon ƙosaina."

Ita bai tsikare ta ba, don kowa ya san asalinta. Filin Yarbawa kuwa can bayan dutse aka ware, nesa da rijiya. Da labari ya iske ta, ta kira shi ta ce, "Nomau, da gaske bayan dutse za ka kai ni?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙayar. Zuciyarsa ta yi nauyi, amma ya riga ya cika baki a gaban jama'a. Ya ce, "Iya, ba nisa sosai. Zan riƙa turo yara."

Ta ce, "To."

Ranar rabon fili duk gari ya taru a kan tudu. An tara turaku a gindin marke, wanda aka kira sunansa sai a kafa masa nasa. Nomau na tsaye a gaba, hula a karkace, yana ta ba da umarni kamar shi ne Maigari. Da aka zo kan Iya Abeke ya ce shi zai ɗauko mata turke da kansa. Ya cusa hannu ƙarƙashin itacen. Ashe kunama na kwance a wurin, ta galla masa harbi a yatsa.

Nomau ya yi tsalle, hula ta faɗi, ya kurma ihu da Yarbanci, "Iya mi o! Iya mi o!"

Ndagi ya dubi Gidado, Gidado ya dubi Kyari.

Kafin wani ya motsa, tsohuwar nan da ko hanya ba ta gani sosai ta yar da sandarta, ta taho tana laluben mutane. "Ga ni, Akanni. Ga ni nan." Ta kama hannun, ta yage bakin zanenta ta ɗaure yatsan, tana hura masa iska kamar yaron goye.

Maigari ya ce, "Iya, wane ne kuma Akanni?"

Ta ce, "Shi ne. Uwarsa ta rasu bai yi arba'in ba, ni kuma a lokacin na binne nawa jaririn, nono yana ta zuba. Ubansa ya miƙo mini shi ta kan katanga. A bayana ya yi wayo, da Yarbanci ya fara magana. Da ya girma ya ga zanen Gobir a fuskarsa ya fara taƙama, sai na bar shi. Me zan ce? Taƙamar tana yi masa kyau."

Nomau ya tsaya baki buɗe, hawaye na zuba, ba a san na kunama ne ko na wani abu ba.

Kyari ya matso a hankali, ya ɗauki hular ya kaɗe ta, ya ɗora masa a ka. Ya ce, "Malam Akanni, doka doka ce. Bayan dutse."

Dariya ta ɓarke, har Maigari sai da ya riƙe ciki. Da ta lafa ya ce, "To Nomau, kai ne alƙali. Ina za a kafa turkenka?"

Nomau bai iya ɗaga ido ba. Ya ce da ƙaramar murya, "Duk inda aka kafa nata, ranka ya daɗe. Amma don Allah kusa da rijiya."

Ndagi ya ce shi ma ba zai rabu da Gidado ba, don matar Gidado ce ta karɓi haihuwar duk 'ya'yansa. Wani ya ce kakarsa Banufiya ce, wata ta ce surukarta Babarbariya. Maigari ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. Kowa ya kafa turkensa kusa da wanda zai rugo idan ya yi ihu."

Shi ya sa har yau a Tungar Marke za ku ga gidan Banufe manne da na Bafulatani, na Bagobiri ya jingina da na Bayarabe. Jikokin Nomau kuwa, da zanen Gobir raɗau a fuskarsu, idan suka yi tuntuɓe da Yarbanci suke kiran uwa.