Agogon Sallau da Azumin Gari

An yi wani mutum a wani gari, da daɗewa, zamanin da in aka ga agogo a hannun mutum sai an juyo an sake kallo. Sunansa Sallau. Baduku ne, yana ɗinka takalma da kube, yana noma 'yar gonarsa ta gado a bayan gari. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. Wani bawan Allah ne kawai, irin wanda in ya shigo taro ba a gyara masa wuri.

Abu ɗaya ya bambanta shi da mutane, son agogo. In ya shiga birni sayen fata, sai ya bi masu gwanjo ya tsinto matattun agogunan da aka fid da rai da su. Ya dawo gida, ya shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, ya buɗe cikinsu da matsefata da bakin reza. Ya ɗauki ƙafa mai haƙori daga wannan, ya ɗauki sifirin daga wancan. A haka ya haɗa nasa. Fuskar ta wani ce, murfin na wani ne, dogon hannun kuwa allurar dukanci ce ya goge da magagari har ta yi siriri. Maɗaurin jar fata, shi ya yanka ya ɗinka. Kullum da safe ya wana shi ya kara a kunne. Duk ranar da gari ya buɗe, in rana ta yi tsaka, sai ya gwada shi da inuwar wani turke da ya kafa a tsakar gida. Ba na sayarwa yake yi ba. So ne kawai.

Matarsa Tabawa takan ce, "Maigida, da abin nan yana cin tuwo, da ya fi ka ƙiba."

Ya ce, "Shi dai bai taɓa yi mini gori ba."

Amma hannun Sallau ba ya zama. Agogo na tafiya lafiya lau, sai ya buɗe shi ya ce zai ƙara masa kyau. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A garin akwai ladan, tsoho, ana ce masa Baba Jatau. Tun yana saurayi yake hawa matakalar masallaci ya dubi faɗuwar rana ya kira magariba. Tsufa ya zo, ido ya fara hazo. Bai gaya wa kowa ba, don kiran sallar nan shi ne mutuncinsa, shi ne kuma abincinsa. Sallau kaɗai ya gaya wa. Suka yi shawara a tsakaninsu. Da yamma Sallau zai zauna a gindin matakala, in ya duba agogo ya ga lokaci ya yi, sai ya yi gyaran murya, tsoho ya kira. Ba wanda ya sani. Mutane har cewa suke yi, Baba Jatau yana ganin rana ko ta bayan gajimare.

Akwai kuma dagaci, mutum mai zafi. Ba ya wasa da azumi. An taɓa yin wani da ya yi ƙaryar ganin wata. Dagaci ya sa aka kwantar da shi a ƙofar fada aka zane shi, aka kore shi da iyalinsa, aka ba wani gonarsa. Sallau yana wurin. Ya ga matar tana fita gari da tukunya a ka, 'ya'ya na bin ta suna kuka. Bai manta ba.

To, azumi ya zo cikin damina. Ana tsakiyarsa Sallau ya samu wani mataccen agogo a hannun direban mota. Ya buɗe, ya ga 'yar wayar nan siririya kamar gashi, wadda take nannaɗe a zuciyar agogo, tana sheƙi, ta fi tasa kyau. Zuciyarsa ta ce ya bari sai bayan sallah. Hannunsa ya ƙi. Ya cire tasa ya sa sabuwar, ya kara a kunne, ya ji bugun ya ƙara tsabta. Ya yi murmushi. Ya ce gobe da tsakar rana zai gwada da turke.

Gobe ba a ga rana ba. Jibi ba a gan ta ba. Gari ya lumshe, gajimare ya rufe sama daga gabas har yamma, aka yi kwanaki a haka. Kullum da yamma Sallau ya duba agogo, ya yi gyaran murya, tsoho ya kira, gari ya sha ruwa.

Ranar da sama ta buɗe, Sallau ya fito tsakar gida ya tsaya a kan turke. Agogo ya ce rana ta yi tsaka. Inuwa ta ce da saura. Ya goge ido ya sake dubawa. Ya tsaya yana jira, yana jira, gumi na sauko masa a baya. Kafin inuwa ta zo inda ya kamata, an ɗauki lokacin da mutum zai yi alwala ya yi sallah ya shafa addu'a. Sabuwar wayar ta gajarta, agogo yana gudu. Kullum yana ƙara kaɗan a kan na jiya.

Ku saurara. Ba azuminsa kaɗai ba. Azumin liman, azumin dagaci, azumin tsohuwar da ta wuni tana lasar leɓe, azumin manomin da ya yi noma da ƙishi tun safe. Gari guda ya buɗe baki rana na sama, a kan gyaran muryar mutum ɗaya.

Sallau ya zauna a ƙasa. Tabawa ta fito ta gan shi.

"Maigida, lafiya? Kunama ce?"

Ya gaya mata. Ta ajiye ƙwaryar hannunta a hankali, ta leƙa zaure ta tabbata ba kowa, ta dawo.

"Wa ya sani?"

"Allah."

"Ban da Shi."

"Ba kowa."

"To gyara abinka ka yi shiru. Gero ya fara kai. In aka kore mu yanzu, ina za mu? Gidan wa? Ka manta abin da aka yi wa mai ganin wata?"

Bai manta ba. Ya mai da tsohuwar wayar. Ya daidaita agogo da inuwa. Sannan ya tafi wurin ladan, ya durƙusa ya faɗa masa. Tsoho ya lalubo hannun Sallau ya riƙe.

"Ɗana, kuskure ne, Allah Yana yafe kuskure. In ka faɗa, ka tona kanka, ka tona ni. A ce makaho ne yake kira wa gari sallah? Ka bar ni in mutu a kan matakalata."

Sallau ya ce, "To, Baba." Ya tashi.

Amma tun daga ranar abinci ya daina wuce masa. In an kira magariba ya ɗauki kunu, sai ya ga kamar mutanen gari sun jeru a gabansa ranar tsayuwa, kowa ya miƙo hannu yana cewa, ba ni azumina. In ya ji takun dogari a ƙofar zaure, sai ya ce shi aka zo kamawa. Tsoro biyu suka sa shi a tsakiya. Ya dubi wannan ya ga bulala da kora. Ya dubi wancan ya ga abin da ba shi da ƙarshe.

Ranar kasuwa wani baƙo ya zo, mai sayar da kanwa. Yana auna wa mutane yana raha, ya ce, "Ku mutanen garin nan kun iya azumi mai sauƙi. Ran nan ina kan tudun yamma da jakina na jiyo kiran sallarku. Na waiga, ga rana ja wur a ƙarƙashin gajimare, ko taɓa ƙasa ba ta yi ba."

Kasuwa ta hargitse. Ba wanda yake son maganar ta zama gaskiya, don ba wanda yake son ramuwa. Aka ja baƙo har ƙofar fada. Gari ya taru. Sallau ya bi su, ya tsaya can baya, ya ja hannun riga ya rufe agogo.

Dagaci ya dubi ladan. "Baba Jatau, ka taɓa kiran magariba rana na sama?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekaruna a kan matakalar nan sun fi na baƙon nan a duniya." Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Dagaci ya ce wannan ya isa. Ya dubi baƙo. "Ka ci kasuwarmu, ka ɓata mana azumi da baki. A kwantar da shi."

Baƙo ya fara rantsuwa. Dogari ya tuɓe masa riga. Mutane suka matso, wasu na dariya.

Ku dubi inda Sallau yake. Ya tsira. Ladan bai ambace shi ba. Agogo ya gyaru. Gari duka yana so ya yi shiru, matarsa tana so, tsohon da yake girmamawa yana so. Ba abin da ake nema gare shi sai ya tsaya inda yake.

Dogari ya ɗaga bulala.

"Ranka ya daɗe."

Muryar Sallau ba ta fita sosai ba. Sai da ya sake. Mutane suka dare, ya wuce ta tsakiyarsu. Ya zube a gaban dagaci, ya kwance agogo ya ajiye a ƙasa.

"Baƙon nan gaskiya ya faɗa. Ni ne."

"Kai wa?"

"Sallau baduku."

"Me ya haɗa baduku da kiran sallah?"

Sallau ya rasa yadda zai amsa bai tona tsoho ba. Ya ce, "Ni nake gaya wa Baba lokaci in akwai gajimare. Ya yarda da ni. Na canza wani abu a cikin agogon ban gwada ba, ya yi gudu. Kwanakin lumshin nan duka kun sha ruwa da wuri. Laifin hannuna ne."

Sai Baba Jatau ya ɗago kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ba gajimare kaɗai ba, ranka ya daɗe. Idona ya tafi. Ya rufa mini asiri, ni kuwa na bari za a daki baƙo."

Nan hayaniya ta tashi. Wani ya ce a kori Sallau. Wata ta ce Allah Ya isa ƙishirwarta. Dagaci ya miƙe tsaye, idonsa ja. Sallau ya rufe ido yana jiran bulala.

Liman ne ya ɗaga hannu. Ya ce, "Azumi dai za a rama, kowa da kowa, kwanakin lumshin duka. Wannan babu makawa. Amma ranka ya daɗe, wancan da aka kora ƙarya ya yi. Wannan gaskiya ya faɗa, alhali ba wanda ya tambaye shi. In ka kore shi, ba mai sake gaya maka gaskiya a garin nan."

Dagaci ya koma ya zauna. Sannan ya sa aka saki baƙo aka ba shi haƙuri. Ya sa aka kawo dutse aka ajiye gaban Sallau.

"Gonarka taka ce. Amma abin nan, fasa shi da hannunka."

Sallau ya dubi agogo. Ga allurarsa da ya goge tana tafiya, ga jar fatar da ya ɗinka. Yanzu daidai yake tafiya, ba gudu ba jinkiri. Ya ɗauki dutse ya sauke. Ya tattara ɓaraguzan a cikin hularsa ya tafi gida.

Kada ku zaci gari ya gode masa. Bayan sallah, ana ramuwa ana zaginsa. Aka sa masa suna Mai Gaggawa. Aka daɗe ba a kawo masa ɗinki ba. Tabawa ta yi fushi, ta huce. Baba Jatau ya ci gaba da kira, amma a fili yanzu, Sallau na tsaye kusa da shi a kan matakala yana duban rana da idonsa. In akwai gajimare, su jira har duhu ya tabbata. Bayan shekaru Sallau ya haɗa wani agogon daga ɓaraguzan. Bai sake taɓa cikinsa ba tare da ya kai shi gaban turke ba, kuma bai sake ɗora ibadar kowa a kansa ba.

Da ciwon ajali ya kama shi, Tabawa ta tambaye shi ko yana jin tsoro. Ya ce, "Na ji tsorona tun ranar nan a ƙofar fada. Ba azumin kowa a wuyana."

To, ku da kuke zaune. Kuskure ba shi ne halaka ba, kowa yana yi. Halaka ita ce ka gyara abinka a ɓoye ka bar mutane da ɓarnar. Mai gyaran mota da ya san bai ɗaure birki ba, amma ya miƙa makulli. Magini da ya ga tsaga ya shafe ta da siminti. Mai magani da ya gane ya ba da wanda ba shi ba, ya ce ai ya riga ya tafi. Kowannenku ya san nasa. Kuna tsoron kunya, kuna tsoron a kore ku, kuna tsoron bakin mutane. Sallau ma ya ji wannan tsoro. Amma ya auna tsoro biyu, ya ɗauki wanda yake ƙarewa. Wanda ya san akwai haƙƙin wani a wuyansa, ya tashi daga nan ya je ya faɗa, tun yana da bakin faɗa. Allah Ya sa mu fi jin tsoronSa a kan tsoron bayinSa.