Mai Ƙwai da Rigarsa Mai Ƙyalli

Akwai wani mai raba ƙwai a shaguna a kan keke, ana ce masa Zumuɗi. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Mutum ne da ko ruwa yake sha sai ka ga ƙafarsa ɗaya tana rawa, kamar ana jiransa a wani wuri.

Kullum da safe yakan jera kiret-kiret na ƙwai a bayan kekensa, ya ja roba ya tamke, ya hau babban titi. A hanyar akwai wata mararraba inda manyan motoci ke karya kwana su shiga wurin sauke kaya. Wannan mararraba ita ta hana matarsa sukuni.

Matar tela ce, ana kiranta Maman 'Yan Biyu. Tun ranar da aka kwaso wani maƙwabcinsu mai keke daga titin nan da magariba, mai motar yana rantsuwa bai gan shi ba, hankalinta bai ƙara kwanciya ba. Ƙafarta tana kan keken ɗinki, kunnenta yana bakin ƙofa. In mijin ya ɗan yi jinkiri sai ta tashi ta leƙa, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Har ɗinkin mutane ya fara karkacewa.

Ba mace ba ce mai zama tana kuka. Ta nemo yadi rawaya mai kashe ido, irin na masu aikin titi, da zirin nan mai ƙyalli da ke walƙiya in fitilar mota ta haska shi. Ta ɗinka masa falmaran.

Zumuɗi ya ɗaga rigar da yatsu biyu ya ce, "Ni zan sa wannan? Sai ka ce ayaba ta hau keke."

Ta ce, "Gara a ce ga ayaba can tana tafiya da a ce Allah ya jiƙan mai ƙwai. Sa, Baban 'Yan Biyu."

Ya sa.

Gaskiya a faɗe ta, rigar ta yi aiki. In hadari ya haɗo ko rana ta faɗi, tun daga nesa motoci suke kauce masa. Masu tsallaka titi suna tsayawa ya wuce. To daga nan ɓarnar ta soma, don ɗan Adam in ka ba shi sanda ya dogara, sai ya manta yana da ƙafa.

Da can Zumuɗi yakan waiwaya kafin ya karkata. In ya tarar da babbar mota a mararraba, yakan sauke ƙafa a bayanta har ta gama kwanarta. Da ya ga ana kauce masa, duk ya watsar. Ya koma kutsawa ta ɗan tsukin da ke tsakanin mota da bakin lambatu, yana kaɗa ƙararrawa, ƙirji a gaba.

"Yanzu ko makaho ya gan ni," haka yake gaya wa masu shago.

Maman 'Yan Biyu tana da wa, direban tirela ne, kowa Yaya Direba yake ce masa. Wata rana yana bayan wata tifa a mararrabar nan, daga sama ya hango abu rawaya ya sulale ta gefenta ya shige. Ko gida bai je ba, ya zarce wajen ƙanwarsa. Ya tarar da Zumuɗi yana ba sarƙar kekensa mai.

"Sannu, kanari."

"Yaya, an sauka lafiya? Kanarin nan dai shi ke ciyar da ƙanwarka."

"Shi ya sa na zo. Ɗazu na ga ka shiga gefen tifa. Kada ka ƙara."

Zumuɗi ya yi dariya, ya ja gaban rigar. "Ai kai ma daga nesa ka hango ni."

"Na hango ka don ina bayanka. Wanda kake gefensa bai san an haife ka ba. Gobe ka zo ka hau kujerata, ka ga abin da nake gani da abin da ba na gani."

"Ƙwai ba ya jira, Yaya. Ku dai masu manyan motoci ku daina gyangyaɗi."

Yaya Direba ya dubi ƙanwarsa, ya ɗauki hularsa ya fita. Ita kuwa allura ta soke ta a yatsa, ba ta ma ji ba.

Daga ranar abin ya dawo mata sabo, har ya fi na da. Ta ɗinka riga don ta samu barci, ga shi rigar ce ta ƙara kore shi. In ta yi magana ya ce ita ta ce ya sa. Wata safiya har ta ɓoye rigar a ƙarƙashin yadin mutane, ko zai koma tsoronsa na da. Sai ta tuna maƙwabcin nan, ta ciro ta miƙa masa. Ba ta san wanne ya fi ba.

Ranar da abin ya faru ba duhu, ba ruwa. Rana tsaka ce, rigar tana ƙyalli kamar an kunna ta. Wata tirela tana tsaye a mararraba, siginarta tana ƙiftawa. Zumuɗi ya ga siginar sarai. Ya ce a ransa ai direban ya gan shi, zai jira. Ya kutsa ta gefen da yaron mota ke zama.

Motar ta motsa. Kanta ya wuce shi lafiya, amma doguwar mota in ta karya kwana, bayanta yanke hanya yake yi. Ya ga bodi yana matso shi, ga lambatu a ɗaya gefen. Ya kaɗa ƙararrawa. Wa zai ji ƙararrawar keke a cikin rurin tirela?

Allah ya ba shi sa'a ya saki keken ya faɗa lambatu. Tayoyin baya suka bi ta kan keken da ƙwan gaba ɗaya. Shi kuma ƙafarsa ta karye a faɗuwar.

Mutane suka yi ta dukan bodi har direban ya tsaya. Dattijo ne, ya sauko ya nufo bakin lambatun. "Wallahi ban gan ka ba, ɗana."

Zumuɗi yana kwance cikin ruwan lambatu, ya damƙi gaban rigarsa ya ɗaga. "Wannan ce ba ka gani ba?"

A asibiti aka ɗaure ƙafar, aka maido shi gida. Mutumin da ba ya iya zama ya sha ruwa, ga shi a shimfiɗe yana ƙirga silin. Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake ji: direban maƙaryaci ne, da gangan ya yi. Matar tana jin sa daga kan keken ɗinki, ɗinkin yana ƙara karkacewa, don ta san da wannan kan zai koma titi.

Da ya fara takawa da sanda, ya soma cigiyar wani keken. Ba ta ce masa kada ya saya ba. Ta aika a kira yayanta.

Yaya Direba ya kai su inda yake ajiye motarsa. Ya tallafi Zumuɗi ya ɗora shi a kujerar direba, shi ya zauna a gefe. Maman 'Yan Biyu ta zura rigar nan a kan mayafinta, ta zagaya ta tsaya daidai inda mijinta ya saba kutsawa.

"To, kanari. Ga madubi, ga gilashi. Nuna mini ƙanwata."

Zumuɗi ya duba madubin can gefe. Bodi kawai da bango. Ya miƙa wuya, ya ɗaga ɗuwawu daga kujera. Babu ko ɗigon rawaya.

"Ta koma baya ne?"

Birkin hannu yana ɗaure, giya a sake, Yaya Direba ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Motar ta ɗauki ruri, kujera ta fara rawa.

Zumuɗi ya cafke hannunsa. "Kashe, Yaya. Kashe, ban san inda take ba."

Ya kashe. Cikin shirun sai suka ji ƙwanƙwasa a jikin ƙofa, daga ƙasa. Yaya Direba ya buɗe. Ga ta nan tsaye dab da taya, rigar tana ƙyalli har tana kashe ido.

Ta ɗaga kai ta dubi mijinta, gumi yana tsiyaya a goshinsa. Ta ce, "Abin da ka ji yanzu, shi nake ji kullum daga fitarka har dawowarka."

Da aka sauko da shi, ya tambayi Yaya Direba ko ya san inda dattijon nan yake lodi, yana so ya je ya ba shi haƙuri.

Yau Zumuɗi ya koma rabon ƙwai, da ɗan ɗingishinsa. Rigar tana jikinsa, ba ya fita sai da ita. Amma in ya iso mararraba ya ga babbar mota, sai ya sauke ƙafa a bayanta ya jira. Ƙafar tana rawa, na baya suna masa hon, bai kula ba. Matarsa har yanzu tana leƙa ƙofa, sai dai ɗinkinta ya miƙe.

Darasi: Riga mai ƙyalli tana taimakon idon da ke kallonka, ba ta ba wa wanda ba ya hango ka ido. Ku sa ta, ban ce ku cire ba, amma kada ta karɓe muku waiwaye da haƙuri. Ku kuma direbobi, ku duba sau biyu, wanda ke ƙasa ɗan wata uwa ne. Duk mai ɗa ko miji ko ƙane da ke hawa keke, ta tura masa wannan yau, kada ta bari sai an je dubiya.