Wa Ka Koya Wa Aikinka?

Maigidana shi ne shugaban sashen kwamfuta a wani kamfanin rarraba magunguna. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda wani ya taɓa aikinsa ba. Mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa, amma kalmomin sirrin na'urori duk a kansa suke. Maganarsa kullum, "Bari kawai, zan yi da kaina."

Ni ban yi nisa a boko ba, ban san abin da ke cikin na'urorin nan ba. Abin da na sani shi ne, da ya sa hannu a kwano sai a kira shi ofis. Ranar hutu ma haka. Shekara shida yana jiran kujerar mataimakin manaja, yana cewa in ya hau zai huta, mu ma mu huta.

Wata rana ya manta maganin ciwon kansa, na kai masa. Na tarar da ma'aikatansa a zaune, ɗaya har da gyangyaɗi. Shi kuwa yana ɗakin na'ura a durƙushe, wayoyi sun kewaye shi.

Wani da suke kira Dogo ya ce, "Sannu da zuwa, matar shugaba. Don Allah ki roƙa mana shi ya ba mu aiki, ko goge tebur ne. Kujerar nan ta gaji da ni."

Na sunkuyar da kai kawai. A gida na ce a hankali, "Yallaɓai, Dogon nan kamar yana son koyo."

"Koyo? In ya ɓata, wa za a kama? Ni fa."



Da mataimakin manaja ya yi ritaya, maigida ya tafi aiki da fara'a. Kafin la'asar ya dawo, ya zauna a bakin gado ko takalmi bai cire ba.

"Mai kula da sito suka ba," in ji shi.

Na ce, "Aikinka ne bai yi musu ba?"

"Ya yi, har ya yi yawa. Manaja ya ce, 'Malam, in na ɗauke ka, wa ka koya wa aikinka? Wuni ɗaya ba ka nan, kamfani tsayawa yake. Mai sito kuwa wata guda ya yi yana jinya, mutanensa suka riƙe komai.'"

Na miƙa masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Can ya ce, "Ashe da hannuna na ɗaure kaina."

Darasi: shugaba ba shi ne wanda ya fi kowa gajiya ba. In Allah ya ɗora ka a kan mutane, ka koya musu, ka bar su su yi kuskure kana kusa ka gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda bai yi wa kansa magaji ba, inda yake nan za a bar shi.